Kwana Ɗari Biyu da Sha Huɗu a Kan Tambaya Ɗaya

Ka taɓa ganin hannun da zai lalubo jijiya a jikin jariri ɗan kwana biyu, tashi ɗaya ba kuskure, amma ya tsaya cak a gaban kwamfuta ya kasa zaɓar "e" ko "a'a"? Ni na gani. Hannun Sista Rahelamma ne, ina zaune a gefenta ranar, kuma da hannuna a cikin abin da ya biyo baya.

Sunana Lissy. Shekara goma sha huɗu muka yi tare da ita a ɗakin yara na asibitin mishan da ke garinmu, Pala. Ni mutum ce mai ƙirga komai. Na san matakalar benen asibitin arba'in da shida ce, na san minti nawa bas ke yi daga ƙofar gidana zuwa bakin asibiti idan ana ruwa da idan ba a yi. Ita kuwa Chechi Rahel, kamar yadda muke kiranta don ta girme mu duka, ba ta ƙirga komai sai ɗigon ƙarin ruwa da bugun zuciya. Ni ce na taɓa lissafa mata cewa ta haura shekara talatin da shida da farin kaya. Ta ce, "To, sai aka yi yaya? Je ki duba gado na bakwai."

A cikin gonar roba aka haife ta, mahaifinta yana tsaga itatuwan wani mai gona tun kafin rana ta fito. Su biyu ne suka rayu cikin 'ya'yansa, ita da wanta Varkey, wanda ya ba ta shekara shida. Shi ne ya raka ta makarantar jinya can arewa tana 'yar sha takwas, kwana biyu a jirgin ƙasa, akwatinta na ƙarfe a kansa, shinkafar da mahaifiyarsu ta naɗe musu a ganyen ayaba a hannunta. A jirgin nan ya raɗa mata sunan da bai daina kiranta da shi ba, Sauro. Wai ga ta siririya, ga shi za ta koyo sukar mutane.

Daga baya Varkey ya auri Leelamma, wata nas da ta samu aiki a birnin Houston na Amurka, ya bi ta. Da ya zama ɗan ƙasa a can sai ya shigar wa ƙanwarsa takardar neman izinin zama, irin wadda ɗan'uwa ke nema wa ɗan'uwa. Kowa ya san layin nan dogo ne. Shekara goma sha bakwai Chechi ta yi a cikinsa. A tsakanin nan mijinta, kwandastan bas, ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta yi jinyar mahaifiyarta shekara tara, ita ma ta tafi. Gidan mai ɗaki huɗu ya koma uku a kulle. Ganinta na ƙarshe da Varkey a wajen binne mahaifiyar ne. Bayan nan ƙodarsa ta gaza, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda sau uku a mako, tafiya mai nisa ta gagare shi. Sau biyu ta nemi bizar ziyara, sau biyu aka hana ta. Hanya ɗaya ta rage ta sake ganinsa, ita ce wannan takarda. Kuma duk mun san takardar da ransa take tafiya: idan mai nema ya faɗi, ita ma ta faɗi.

Ranar uku ga Yuni, ruwan farkon damina yana dukan kwanon asibiti, ta miƙo min wayarta a ɗakin canza kaya.

"Mole, karanta min wannan. Idona ne ko kuwa?"

Haka take kirana, mole, kamar 'yar da ta haifa. Na karanta sau biyu. Layi ya zo kanta. An ce ta cika babban fom ta intanet, ta tura takardunta, sannan a sa mata ranar ganawa a ofishin jakadanci.

Na yi tsalle na rungume ta har hularta ta karkace. Na ce, "Chechi, bar min wannan. Kwana uku mun gama."

Mun kusa gamawa kuwa. Kullum idan muka tashi daga aikin safe sai mu wuce gidana, in dafa baƙin kofi, in buɗe kwamfuta. Sunayen makarantu, gidajen da ta taɓa zama, biyar ne cif, sunan uba, sunan uwa, ranar rasuwar miji. Muka iso jerin tambayoyin nan na "e" ko "a'a". Ko kin taɓa safarar mutane? Ko kina da niyyar ta'addanci? Tana dariya tana cewa, "Danna a'a. Sai dai idan allura ma ta'addanci ce." A zama na uku muka iso wadda ta tsayar da mu. Ma'anarta ita ce: shin kai ma'aikacin lafiya ne da ke neman yin irin wannan aiki a Amurka, alhali ba ka samu takardar shaida daga hukumar da ke tantance ma'aikatan jinya na ƙasashen waje ba?

Na kai hannu zan danna a'a kamar sauran. Ta riƙe min wuyan hannu.

"Tsaya. Sake karantawa."

Na sake.

"Ni nas ce?"

"Nas ce mana."

"Ina da wannan takardar?"

"Ba ki da ita."

"Idan na je, zama zan yi a kicin ɗin Leelamma ina yanka mata albasa har in mutu?"

Na san amsar. Ta sha gaya min burinta: ta kula da Achayan, wato wanta, ta kuma samu ko ɗan aiki a gidan kula da tsofaffi, don kada ta zama kaya a gidan matar wa.

"To kin gani. Idan na ce a'a, na yi ƙarya da sa hannuna. Idan na ce e, na faɗa musu da bakina cewa ba ni da abin da suke nema. Rufe. Sai mun tambaya."

Wanda bai yi aikin jinya ba zai ga kamar taurin kai ne. A wajenmu doka ce ta farko da ake dasa wa yarinya: idan kina shakkar magani, kada ki ba da, ki dakata, ki tambayi na gaba da ke. Kuma ba a cika gurbi a takardar majinyaci da abin da ba haka yake ba, ko da likita yana tsaye yana huci. Chechi ta taɓa hana wani sabon likita allura a gaban uwar yaro, aka duba aka ga ita ce da gaskiya. Da wannan dokar ta ceci yara ba adadi, ita kuma ta ɗauko ta ɗora wa fom.

Ranar Lahadi bayan coci muka je wajen na gaba da mu, Metron Philomina, tsohuwar shugabar nas-nas da ta daɗe da yin ritaya, mai shekara tamanin da ɗaya, mabiyanta a warwatse a duniya. Ta sa aka kawo mana rogo da miyar kifi, ta saurare mu da ido a rufe.

"Rahel, yara nawa na tura Amurka da hannuna?"

"Da yawa, Metron."

"Ko ɗaya babu wadda ta shiga ba tare da wannan takardar ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Ki nemo ta tukuna."

Ban tsaya nan ba. A garinmu da wuya ka wuce gida uku ba ka samu mai 'ya ko suruka tana jinya a waje ba. Na ɗauki littafi na jera sunaye, na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Da Metron da Leelamma, mutum goma sha ɗaya na tambaya. Goma sha ɗayan suka ba ni amsa ɗaya: babu takarda, babu shiga. Wata ta ce ita sai da ta yi jarrabawa sau biyu. Wata ta ce ta san wadda ta yi ƙarya a fom aka rufe mata ƙofa har abada. Na ja layi a ƙarƙashin sunayen na rubuta, sha ɗaya bisa sha ɗaya. Mijina ya leƙo ya ce ko za mu nemi lauya. Har yau ina jin muryata lokacin da na amsa masa: "Lauya? Mu da muke da nas a kowane gida?" An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na yi tambaya har na ƙoshi.

Varkey kaɗai ne bai yarda ba. Yakan kira da safe ƙarfe bakwai, lokacin su can sun ci abincin yamma. Ina gidanta wata safiya muna shirin fita, ta sa shi a lasifika.

"Sauro, wai me ya tsayar da ke? Danna a'a mana! Wa zai ba tsohuwa irinki aiki a nan? Gwiwarki ma ƙara take kamar ƙofar coci."

"Achayan, kai fa da ƙarya ka shiga aure. Ka ce wa surukanka kana da gona."

"Ina da ita mana, ta wani ce dai. Ki danna ki zo. Waɗannan nas ɗin na nan sau uku suke sukata kafin su samu jijiya. Hannuna ya zama rariya."

"Ka ce su ɗumama hannun da tawul tukuna."

"Ki zo ki faɗa musu da kanki."

Daga bayansa muka ji Leelamma tana cewa ya bar ƙanwarsa ta bi ƙa'ida, shi me ya sani, a bayan takardar ita Leelamma ya shigo kamar jaka. Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. Chechi ta tsaya da tsinken gashi a baki tana sauraron tarin har ya lafa.

Ni na zana tsarin. Takarda babba na manna a bangon ɗakinta: kwana casa'in, mu samu shaidar, mu koma mu amsa tambayar da zuciya ɗaya. Abu uku ake buƙata a gabanmu, takardun tsohuwar makarantarta, jarrabawar Turanci, da jarrabawar aikin jinya. Na raba kwanakin gida-gida, kowace rana da abin yi. Na ji daɗin kaina ƙwarai ranar.

Makarantar tata ta arewa an daɗe da haɗe ta da wata. Wasiƙa bakwai na rubuta, kira ashirin da uku na yi, kafin wani magatakarda ya ce kundin shekarunsu yana wani ɗaki da ruwa ya taɓa shiga, a ba shi lokaci. Kwana casa'in suka ƙare a nan kaɗai.

Jarrabawar Turanci kuwa a birnin Kochi ake yi. Karatu da rubutu da sauraro ba su ba ta wahala ba, shekara talatin da shida tana rubuta rahoto da harshen. Magana ce ta kayar da ita. Ranar farko ta fito ta same ni a bakin ƙofa, ta zauna a kan dakali.

"Yaya, Chechi?"

"Yarinyar da ke yi min tambayoyi ta ce in ba ta labarin wani hutu da na taɓa zuwa na shaƙata. Minti biyu."

"Sai kika ce me?"

"Na ce mata ban taɓa zuwa ba."

"Shi ke nan?"

"To me zan ƙara? Sai muka zauna muna kallon juna."

"Haba Chechi! Ki ƙirƙira mana! Ki ce kin je bakin teku, kin sha ruwan kwakwa!"

"Da ta tambaye ni yadda ake gane yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, da sai ta roƙe ni in yi shiru."

Na yi dariya a lokacin. A bas muna dawowa na rubuta mata labaran hutu guda biyar ta haddace. Ta karɓa ta ninke ta sa a jaka. Zama na biyu ta ɗan matsa gaba, amma makin bai kai ba. An tambaye ta wasan da take so, ta ce ba ta da shi.

Wajen Nuwamba kiran safe ya fara gajarta. Varkey ya daina tsokana. Wata rana bai kira ta Sauro ba, ya ce, "Rahel, yaushe?" Ta ce masa saura kaɗan. Da ta ajiye wayar na ga yadda ta dubi bango. Ta fi ni sanin abin da irin numfashin da muka ji yana yi yake nufi.

Ranar nan na buɗe kwamfuta a gabanta. Kwana ɗari da saba'in ke nan.

"Chechi, na janye tsarina. Mu danna a'a. Ki je, ki zauna da shi, maganar aiki a bar ta sai daga baya. Allah ya san zuciyarki."

"Shi ya sa ba zan danna ba, don ya san ta."

"To ki fasa niyyar aikin! Ki cire ta daga ranki yanzu, sai a'a ta zama gaskiya."

Ta dubi hannayenta.

"Na gwada, mole. Sati guda ina faɗa wa kaina na daina. Sai in tashi da safe in ga ni ce dai. Kuma a ce na je gaban baturen ofishin jakadancin nan, ya buɗe fom ya ga nas, shekara talatin da shida, ya dube ni ya ce ba za ki yi aiki ba? Fuskata za ta tona ni. Su rufe ƙofar gaba ɗaya. Gara in makara da in rasa. Zan sake zama jarrabawar."

Na rufe kwamfutar. Na yi mata rajistar zama na uku, tsakiyar Janairu.

Varkey ya rasu ranar uku ga Janairu. Leelamma ta kira muna tsakiyar zagayen safe. Chechi ta saurara, ta ce "To," ta sa wayar a aljihu, ta ƙarasa daidaita ƙarin ruwan da ta fara ɗaura wa wata yarinya, ta rubuta a takarda. Sannan ta shiga ɗakin ajiye zannuwa ta ja ƙofa. Na tsaya a bakin ƙofar ina korar duk mai zuwa ɗaukar zani. A waya ta kalli jana'izar. An sa masa farar riga, ya rame har ta ce da a hanya ta gan shi da ba ta gane shi ba.

Bayan addu'ar kwana arba'in da ɗaya, Tessy, 'yar Varkey wadda aka haifa a can, ta ce ta samo wata lauya, a ji ko takardar tana da sauran rai. Aka haɗa mu a waya da safe, ni da Chechi a nan, Tessy da lauyar a can. Lauyar ta yi ta'aziyya, ta ce takardar ta faɗi da rasuwarsa. Akwai wata 'yar ƙofar roƙo, amma ƙunci gare ta, kada mu sa rai sosai. Sai muka ji tana juya takardu.

"Na ga tun watan Yuni aka buɗe muku fom. Me ya hana a tura?"

Ni na yi bayani. Na faɗi tambayar, na faɗi mutum goma sha ɗaya, na faɗi jarrabawa. Sai lauyar ta tambaya.

"Waɗannan sha ɗayan, ta wace hanya suka shigo? Asibiti ne ya ɗauko su, ko dangi?"

Na duba littafina, ko da yake ba na buƙata. In ban da Metron da ba ta je ba, dukkansu asibiti ne ya ɗauke su, haka ma yaran da ita ta tura. Babu ko ɗaya da ɗan'uwa ya nema wa.

A hankali ta yi maganar, kamar mai taka ƙwai. Ta ce sharaɗin takardar nan yana kan wanda aiki ne ya kawo shi. Wadda ɗan'uwanta ya nema, ba a hana ta shiga don ba ta da ita. Sai ta faɗi gaskiyarta a fom, ta ƙara ɗan bayani cewa ta hanyar dangi take zuwa, kuma ba za ta taɓa majinyaci ba sai ta cika ƙa'idar can. Idan an tambaye ta a wajen ganawa, ta maimaita hakan.

Tessy ta fashe da kuka. Chechi ba ta yi ba. Ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Da na tura a watan Yuni, da na riske shi?"

"Ba zan iya rantsuwa ba. Ana jiran ranar ganawa, wani lokaci a daɗe. Wataƙila."

"Na gode."

Bayan an kashe waya na kasa ɗaga kai. Na ce, "Chechi, ni ce. Ni na ce ba ma buƙatar lauya. Ni na zana miki kwana casa'in."

"Ke kin tambayi na gaba da ke, ni ma na tambaya. Kowa ya faɗi abin da ya sani." Ta gyara zaninta. "Injin buga takardarki yana aiki? Fitar min da shafin nan."

Na ce mata ba shi da amfani yanzu. Ta ce ta sani. Na buga na miƙa mata. Ta sa tabarau, ta zaro biro daga aljihu, ta yi alama a gurbin "e". A ƙasa ta rubuta layi uku da rubutunta mai tsabta: Wana ne ya neme ni. Ni nas ce. Ba zan yi aiki ba sai na samu izini. Ta sa kwanan wata, ta duba agogon hannunta ta sa lokaci, ta sa hannu, yadda muke rufe rahoto. Ta ninke takardar ta ajiye a bayan hoton Varkey da take yawo da shi a jaka, ta ɗauki lemarta, don aikin rana gare ta.

Ban yi niyya ba, amma idona yana kan agogon bango tun da ta ɗora biro. Daƙiƙa arba'in da takwas.

Har yanzu tana ɗakin yara, saura shekara biyu ta yi ritaya. Ba ta je zama na uku ba, takardun makarantar kuma sun iso a watan Afrilu, ba ta buɗe ambulan ɗin ba. Ni na sha maimaita rubutun nan ni kaɗai, ko zan samu ya ɗauki lokaci fiye da haka, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na yi a hankali, na yi da hannun hagu, ban taɓa kai minti biyu ba. Don Allah ka ɗauki biro da takarda, ka ajiye agogo a gabanka, ka rubuta layi ukun nan ka sa hannu. Ka gwada ka gani, ko kai za ka iya ja ya kai.